Lokacin Mata, Biyu Zuwa Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Inna Tela ta yi tana taka keken ɗinki, kuma duk shekarun nan a gwiwoyinta suka taru suka zauna. Ta dama ce ta fi tsiya. Da safe sai ta dafa bango take miƙewa, in kuwa ta zo sauka daga dakalin ƙofar shagonta, sai ta tsaya ta lallashi ƙafar tukuna. An sha ƙwayoyi, an shafa man zafi har zannuwanta suka daina jin wanki, an yi allura a cikin gwiwar kanta, wadda ba ta ko son tunawa. Shi ya sa da babbar 'yarta mai aikin jinya ta zo mata da labarin wani ruwan zafi da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, wanda masu ciwon gaɓoɓi ke shiga su fito da sauƙi, Inna Tela ba ta yi gardama ba. Ta dai tambaya ko ba zai dafa ta ba. Da aka ce a'a, sai ta ture ɗinkin mutane gefe, ta yanka baƙin yadi mai kauri ta ɗinka wa kanta doguwar rigar shiga ruwa, ta bi kowane gefe da ɗinki biyu.

'Yar ta samo musu gurbi a motar wani kamfani mai kai mutane yawon buɗe ido. Tafiyar yini ɗaya ce: da hantsi a tsaya a kufan wani tsohon birni a yi awa guda, daga nan a wuce ruwan zafi. Ta rubuta wa uwar a takarda da manyan baƙaƙe cewa tafkin ɗaya ne, mata na shiga daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, maza daga huɗu zuwa shida. Ita aiki ba zai bar ta ta je ba, don haka ta ce babansu ya raka ta. Yarinyar da zuciya ɗaya ta faɗa, amma nan aka fara yin kuskure.

Baban nasu magini ne. Bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, leburorinsa ne suka laƙaba masa Injiniya, sunan ya bi shi har cikin gida. Shekara biyu ke nan da 'ya'yansa maza suka tilasta masa sauka daga kan gini, kuma tun daga ranar babu bangon da ya sake samun kwanciyar hankali a unguwar. In sun je duba mara lafiya, kafin ya tambayi jiki ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin ya girgiza kai. Inna Tela ta san halin kayanta. Da asuba, yana banɗaki, ta laluba aljihunsa ta zare tef ɗin awo da igiyar da yake saitin gini da ita, ta jefa su cikin akwatin zare ta rufe. Har murmushi ta yi, tana ganin ta gama dabara. Ta manta mutumin ba ya buƙatar kayan aiki kafin ya jawo magana.

A mota ma bai bar kowa ya huta ba. Kowane gini aka wuce yana da laifi: wannan an yi rowar siminti, wancan tagarsa ta karkace, wancan benen kuwa a ba shi damina uku. Matar da ke jagorantar tafiyar, wata siririya mai jan lema da usur a wuya, tana ta bayani a gaba, shi yana nasa a baya. Inna Tela ta rungume jakarta, tawul da rigar ruwa a ciki, ta zuba wa agogon gaban mota ido.

Ƙarfe sha ɗaya suka isa kufan. A kan tudu yake, sai an hau matakalar dutse mai tsawo. Daga ƙasa ana hango ginshiƙai tsaye babu rufi, da rabin wata ƙofa da ba ta shiga ko'ina, da ƙadangaru suna shan rana. Inna Tela ta ɗaga kai ta duba, ta duba gwiwarta, ta ce ita kam a gaishe su. Ba ta ga abin da zai sa mutum mai hankali ya taso tun daga gida don ya kalli abin da ya rushe ba. Ta samu inuwa kusa da rumfar maigadi ta zauna. Mai Lema ta ce sha biyu daidai kowa ya dawo mota, don daga nan zuwa ruwan zafi tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Inna Tela ta riƙo hannun rigar mijinta ta maimaita masa a kunne, ta ƙara da cewa kallo aka ce, ba taɓawa ba.

"Sai ka ce wani yaro," in ji shi. Ya haye matakalar bibbiyu, shi da gwiwoyinsa lafiyayyu.

Sha biyu ta buga, Mai Lema ta hura usur, mutane suka gangaro suna nuna wa juna hotuna. Ta ƙirga kawuna ta samu ashirin da uku, ɗaya babu. Ta sake ƙirgawa. Ba sai an faɗa ba, gaba ɗaya motar ta juyo tana kallon Inna Tela, kamar ita ta ɓoye shi a jaka. Mai Lema ta koma sama da sassarfa. Aka yi minti goma, aka yi ashirin. Wata mai taunar cingam da ke kujerar gefe ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, wai wasu in za su fito da tsoho su riƙa sa masa ido. Inna Tela ta mayar da idonta kan agogo.

Da Mai Lema ta dawo, ba da shi ta dawo ba. Fuskarta ta sauya, lemar ma a rufe. Ta durƙusa kusa da kujerar ta ce, "Mama, don Allah ki daure ki zo. Wataƙila ke ya ji maganarki."

Matakala sittin da huɗu. Inna Tela ta san adadinsu don kowacce sai da ta gaisa da gwiwarta ta dama. Tana hawa tana tsayawa, gumi na bin bayanta, tana lissafa a zuci abin da za ta gaya masa, tana zubar da rabi saboda idon mutane. A can ƙarshen wata hanyar dutse, bayan wata igiya da aka kewaye wuri da ita, ga allo ɓaro-ɓaro an hana shiga, nan ta same shi. Ya cire babbar rigarsa ya rataye a kan igiyar hanin. Daga shi sai singileti, ya jiƙe sharkaf, baki har kunne. A bayansa kuwa ga bango sabo fil, ya kai ƙugu, tsawon taku biyar, a miƙe sambal.

Gefe guda wani dogon mutum mai tabarau yana tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. Shi ne jami'in da ke kula da aikin tono a wurin. Da ƙyar muryarsa ke fita lokacin da yake yi wa Inna Tela bayani. Ya ce duwatsun nan girgizar ƙasa ce ta zubar da su shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wata huɗu shi da mutanensa suka yi suna share ƙasa daga kansu da ɗan buroshi, suka bar kowane dutse daidai inda ya faɗi, suka sa masa lamba, don daga yadda suka zube ne za a gane yadda ginin yake a da. Ma'aikata sun tafi cin abinci, shi ya shiga ofis amsa waya, ya fito ya tarar da wannan.

Injiniya ya ce shi fa taimako ya yi. Ya zo wucewa ya ga kayan aiki a warwatse, leburori sun gudu sun bar su a rana, abin ya tsaya masa a rai. Lambobin kuwa ya juya su ciki ne, don ba a barin rubutu a fuskar gini, ƙazanta ce. Ya ƙara da cewa ko cokali ɗaya na siminti bai sa ba, amma a tura a gani in zai motsa.

Inna Tela ta kalli bangon, ta kalli mijinta. Kunya da takaici suka sa ta manta da gwiwar na ɗan lokaci.

Jami'in ya yanke hukunci: babu inda motar za ta je sai kowane dutse ya koma mazauninsa kamar yadda yake a hotunan da suka ɗauka. Ya riga ya karɓe katin izinin Mai Lema ya sa a aljihu. Inna Tela ta duba agogon hannun Mai Lema, ɗaya saura. Ta yi lissafi, ta ga in aka tashi nan da ɗaya da rabi za ta samu awa guda a ruwa. Awa guda ma ta gode. Ta roƙi a kai matan a dawo a ɗauki wannan bawan Allah daga baya, ko a bar shi ya kwana da duwatsunsa. Mai Lema ta ce ba za ta motsa ba sai da katin, direba kuma ya aiko cewa zuwa da dawowa awa uku ne, shi ba haka aka yi da shi ba.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma jami'in, yana zagaya bangon yana tsaki, sai ya ja ya tsaya a kusurwa. Ya gyara tabarau. Ya tsuguna. Ya juyo ya tambayi Injiniya ta yaya aka yi ya san wannan dogon dutsen a kusurwa yake zama.

Inna Tela ta runtse ido. Shekara biyu mutumin nan yana neman wanda zai yi masa tambaya a kan gini, a gida kowa gudunsa yake yi, yau ga mai tabarau ya kawo kansa. Nan take suka tsuguna su biyu kamar tsofaffin abokai. Injiniya na nuna sassaƙar gefen dutsen, yana cewa wanda ya sare shi bahago ne, jami'in na rubutawa a ɗan littafi yana gyaɗa kai. Aka ciro dutsen aka juya, aka mayar, aka sake cirowa.

"Malam," in ji ta, a hankali, don ta san in ta ɗaga murya ba za ta iya saukewa ba. "Ɗaya da kwata."

"Yanzun nan. Minti biyar," in ji Injiniya, ko waiwayowa bai yi ba.

Minti biyar ɗinsa ta sani. Da su ta aurar da 'ya'ya uku. Ta miƙa hannu ta karɓi hotunan daga hannun jami'in, shi ma bai san ya saki ba. Mace ce da ta saba a zube mata yankakkun yadi goma ta gane wane hannu ne na wace riga, duwatsu saba'in ba za su gagare ta ba. Ta sa Mai Lema ta kirawo duk mai ƙarfi a motar. Ta nemi wuri ta zauna, maigadi ya ce wannan dutsen ma tarihi ne, ta yi masa wani kallo, ya ja baya. Ta riƙa kiran lamba tana nuni da yatsa: sha bakwai can kusa da ramin, a kife, talatin da biyu a jingine kan talatin da uku. Samari na ɗauka suna ajiyewa, har mai cingam ta ɗauki biyu tana ƙunƙuni. Duk dutsen da aka zare, Injiniya sai ya yi ajiyar zuciya kamar haƙorinsa ake cirewa, yana cewa a bi a hankali, ana ɓata aiki. Sau uku jami'in yana cewa an ajiye ba daidai ba, a ɗan juya hagu. Inna Tela ta ji kamar ta ɗauki lamba arba'in ta ajiye masa a ka.

Biyu da kwata aka gama. Jami'in ya mayar da katin, ya kuma riƙe hannun Injiniya ya ce in ya samu lokaci ya dawo su ƙara tattaunawa. Wai ya dawo. Saukowa daga matakalar ta fi hawa azaba, amma Inna Tela ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, tana cije leɓe har ƙasa.

Aka kama hanya. Direba ya ce shi ba ya wuce ƙa'idar gudu, ga kuma wata babbar mota mai ɗauke da itace da ta tare su a hawan dutse, tana tafiya kamar mai ciwon baya. Injiniya ya ɗan yi shiru da farko, amma shirun bai kai ko'ina ba. Ya juya yana ba na bayansa labarin magini bahago. Ita kuwa agogo take kallo, uku da rabi, huɗu saura kwata, tana rage lissafinta: rabin awa ma ya isa, minti goma ma ya isa, ko gwiwar kawai ta tsoma.

Tun kafin su tsaya warin wurin ya shigo motar, kamar na ƙwan da ya kwana biyu. Ga tururi na tashi daga bayan wata katanga. Huɗu da minti goma. Mata na fitowa daga ƙofar da tawul a kafaɗa, fuskokinsu sun yi jawur, suna dariya. Wata tsohuwa da ta girme ta nesa ba kusa ba ta wuce ta gabanta, sandarta a hammata. Matar da ke tsaron ƙofa tana juya wani ɗan allo, ɓangaren da aka rubuta mata ya koma bango, na maza ya fito.

Inna Tela ba mai roƙo ba ce, amma ta roƙa. Ta ce daga nesa ta zo, ta nuna gwiwar da ta kumbura ta yi suntum, ta ce minti biyar kacal. Mai tsaron ƙofa ta ji tausayinta, ya nuna a fuskarta, amma ta ce maza sun riga sun shiga sun tuɓe, babu yadda za ta yi. Sauran matan motar suka yi 'yan tsake-tsakensu suka wuce rumfar shayi, dama yawancinsu hoto ya kawo su. Mazan kuwa suka nufi ƙofa. Injiniya ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon ƙofar yana kallon matarsa.

"To, tunda an riga an zo," ya ce. "Ko za ki ara mini tawul ɗin? Ban taho da nawa ba."

Ta buɗe jakar ta ciro ta miƙa masa. Ita kanta ba ta san dalili ba, hannun ne ya saba.

Ta zauna a bencin da ke jikin katangar. Ta cikin dutsen ma ana jin ɗumin ruwan a baya. Tana jin fantsamarsa, da dariyar maza, da muryar da ko a cikin barci za ta gane, tana bayanin cewa wanda ya gina bakin tafkin nan bai san aikinsa ba. Wayarta ta yi ƙara, 'yarta ce, tana tambaya cikin murna ko an shiga, yaya gwiwar. Inna Tela ta ce za ta kira ta anjima, ta kashe. Sai a lokacin idonta ya kawo ruwa, kuma ba ciwon ƙafar ne ya kawo shi ba. Abu ɗaya ta nema wa kanta a shekaru masu yawa, awa biyu kacal, shi ma ga inda ya ƙare.

Mai tsaron ƙofa ta zo ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ba ta ba ta haƙuri ba, ta dai ce ai shiga ɗaya ba ya wani aiki sosai, masu irin wannan ciwon kwana uku suke yi. Ta nuna da haɓa wani farin gini mai koren ƙofa a bayan rumfar shayi, ta ce masauki ne, tsofaffin mata ne cike a ciki, kuma wannan motar kullum tana zuwa. Inna Tela ta kalli ginin. Tunda aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa kwana a wani wuri ita kaɗai ba. Ta kawar da kai, ta sake kallo.

Sai da aka hura usur Injiniya ya fito, tawul ɗinta a wuya, fuska na sheƙi, yana tafe kamar an rage masa shekara goma. Da ya hango ta sai ya rage sauri, ya ɗaure fuska. Ya zo ya tsaya a kanta ya ce ruwan fa ba wani abin a zo a gani ba ne, zafi ya yi yawa, ga wari, ga santsi.

"Wallahi ba ki yi asarar komai ba," ya ce.

Ta san shi. Wannan ita ce ban-haƙurinsa, iyakarta ke nan, wata ba za ta biyo baya ba. Da ya yi shiru ma da ya fi mata.

Mutane suka hau mota. Ya taka matakalar ya juyo ya miƙo hannu zai jawo ta, yana zaton ƙafar ce ta hana. Ta ce masa ya shiga, ita tana nan. Gobe ƙarfe biyu za ta shiga ruwa, da jibi, da gata. Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Mai Lema ta tambaya ko da gaske take, ta ce a rage ɗaya a lissafi. Direba ya danna ham.

Injiniya ya sauko da ƙafa ɗaya. Ya fara cewa abin ai bai kai haka ba, ya bari. Ya fara cewa me zai gaya wa yara, ya bari. Daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji, ya ce shi fa bai ma san inda take ajiye makullin gida ba.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin, ta kamo hannunsa ta buɗe tafin. Nan ta ɗan tsaya. Hannun da ta sani shekara talatin da bakwai, mai kaushi, mai tsagewa, wanda in ya shafi sabon yadi sai ya ja zare, yau ya yi laushi tuɓus, yatsun sun yi yamushi-yamushi kamar na jariri da aka fito da shi daga wanka. Ta danna babban yatsanta a tsakiyar tafin, naman ya lotsa.

"Ashe dai ruwan yana aiki," ta ce.

Ta ɗora masa makullin, ta zare tawul ɗinta daga wuyansa, jiƙaƙƙe, har yanzu da sauran ɗumi. Sannan ta juya ta nufi koren ƙofar, tana jan ƙafar dama a hankali.